Shaidar Ɗan Wasa

Abu na farko da ake koya wa sabon shiga a sana'armu shi ne kada ya ba 'yan kallo baya. Na biyu, kada ya yi magana a kan dariya. In ka faɗi abin da ya ba mutane dariya, sai ka tsaya, ka riƙe fuskarka yadda take, ka bar su su gama, sannan ka ɗora. Wanda ya yi gaggawa ya zuba maganarsa cikin hayaniya ya yi asararta, don ba mai ji. Na ga ana koyar da wannan a Kumasi, na gani a Ibadan da Yamai, har a Alƙahira, inda na zauna ina ɗinki da safe ina leƙa gidajen wasa da yamma. Harshe ya bambanta, dokar ɗaya ce. In ka daɗe kana yi kuwa, ba ka ma sanin kana yi. Jiki ne ke riƙewa, kamar yadda ƙafar mai keken ɗinki ke motsi ko yana zaune a kan tabarma.

Na dawo Daura furfura ta fara kama gemuna, na tarar taubashina, ɗan kawuna, yana da ƙungiyar wasa. Gajere ne mai tumbi, da manyan idanu kamar kullum an ba shi tsoro. Bai taɓa wuce Kano ta kudu ko Damagaram ta arewa ba, amma duk yawon da na yi ban ga wanda ya fi shi riƙe taro ba. Ranar da na sauka ya zo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ɗan mace, bawan gidanmu, an gama yawon duniya an dawo da akwati ɗaya? Zo in ba ka aiki kada yunwa ta kunyata mu.”

Na ce, “Wane aiki gare ka, ubangijin da ko akuya ba shi da ita?”

Ya ce, “Alƙali nake nema. Kai ka ji Larabci, ga fuskarka ba daɗin gani. Ka dace.”

Irin wasanmu ba zallar magana ba ne. A yi zance kaɗan, sai kalangu ya shigo, a ɗauki waƙa, 'yan amshi su karɓa, a taka rawa, a koma zance. Bayan la'asar muke yi, a filin firamare ko gefen kasuwa, yau Baure, gobe Sandamu, jibi Mai'aduwa. A bayan akori-kura muke tafiya tare da kaya, mu kwana a aji, mu karya da abin da ya samu. Ba mai shan ruwan sanyi in akwai wasa a gaba, ba mai cika ciki. Citta da kanumfari ba sa rabuwa da aljihunmu saboda murya. Wahala ce, amma muna ci muna ciyar da iyali.

Wasan da ya fi karɓuwa shi ne na mai shaidar zur. Ni ne alƙali, da rawani da tasbaha. Taubashina shi ne mutumin da ake haya a ƙofar kotu ya shaidi duk abin da aka biya shi. Zai shigo yana rangaji, ya ɗaga yatsa sama, ya waiwayo wajen jama'a, ya rera: “A kan idona aka yi!” Sai ni da 'yan amshi mu tambaye shi cikin waƙa: “Ran nan kana ina?” Daga nan sai ya tsaya. Ba ya cewa komai. Zai zare idanun nan nasa, ya riƙe fuska, mutane su yi ta dariya har wasu su zauna a ƙasa. Sai dariya ta lafa, sannan ya ce da ƙaramar murya, “Ina Damagaram.” A ƙarshen wasa asirinsa ya tonu, a kore shi da tsintsiya. Wa'azi ne muke yi a kan zur, kuma kowa ya san wa'azi ne. Amma abin da ya zauna a bakin mutane shi ne amshin. Mace ta kama ɗanta da ƙarya, sai ta ce masa, “Ran nan kana ina?” Har a kasuwar shanu ana yi wa dillalai.

Makaɗinmu mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Sandamu, mai shiru-shiru, ba ka jin bakinsa sai na kalangunsa. Yana da gona guda mai kyau, ita ce abincin gidansa. Mahaifinsa ne ya ba shi ita kyauta tun yana da rai, saboda shi ya yi jinyarsa shekaru, sauran 'ya'yan suna can suna harkokinsu. Ba a rubuta komai ba, lokacin ba a yi. Tsohon ya faɗa da bakinsa a gaban mutum biyu: limamin ƙauyen, da taubashina, wanda ya je dubiya ran nan. Ni lokacin ina Kumasi.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, ni ma na fita na yi kabbara tare da jama'a, kuma har yau ban yi nadamar kabbarar ba. Mutane sun gaji da zalunci, suna son a ji tsoron Allah. Ba wanda ya zo ya ce mana an rufe ƙungiyarku. Abin a hankali ya zo. Da farko matan da ke mana amshi suka daina fitowa, wasu mazansu suka hana, wasu da kansu. Muka sa maza su siranta murya, abin ya zama ba daɗi. Sai masu biki suka fara cewa walima za su yi, ba kiɗa. Shugabannin makarantu da ke ba mu fili suka ce a dakata tukuna a ga yadda iska za ta kaɗa. Gayyata ta yi ta raguwa kamar ruwan tafki da rani, ba ka ganin ranar da ya tafi, sai dai ka wayi gari ka ga laka.

Muka koma ƙetare iyaka ta Kongolam muna wasa a garuruwan Nijar ranar kasuwa. Kayan wasanmu, rawani da gemun roba da zannuwa, muka daina ajiye su a gida saboda surutun maƙwabta. Wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, wanda muke hayar janaretansa da lasifika, ya ba mu lungu a bayan shagonsa. A wata dawowa daga Nijar ruwa ya doke mu a bayan mota tun daga iyaka har gida. Makaɗi ya kama tari. Bai tashi ba.

Matarsa na fita takaba, babban wan mijin ya ce gonar nan ba kyauta ba ce, aro ne tsoho ya ba ƙaninsa, don haka a mayar da ita cikin gado a raba. Su kuwa 'ya'yan tsohon suna da yawa. In aka raba, abin da zai zo wa marayun makaɗi ko jaki ba zai yi birgima a ciki ba. Limamin da ya ji kyautar ya riga ya rasu.

Ina zauren taubashina ranar da matar makaɗi ta zo. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta gaishe mu, muka sake yi mata ta'aziyya. Ta ce, “Malam, an kai mu ƙara. Alƙali ya ce in akwai shaida ko guda ne a kawo, sai babban yarona ya rantse a bar mana. Marigayi ya sha faɗa mini kana wurin.”

Ya ce, “Ina wurin. Tsoho yana kwance a kan buzu, liman na wajen kansa. Ya ce, gonar bakin marke na ba wane, halak malak, ku shaida. Har fura aka kawo mana na ƙi sha don muna da wasa da yamma.”

Ta ce, “To, Malam, bayan Allah kai kaɗai muke da shi.”

Ya ce, “Tashi ki tafi gida, ki sa yara su yi shuka. In ban faɗi wannan ba, me zan gaya wa mijinki ranar da muka haɗu?”

Da ta tafi ya dube ni yana murmushi. “Ka ji, bawana. Yau shekara nawa ina shaidar ƙarya ana tafa mini. Bari mu ga ta gaskiya nawa za ta ba ni.”

Ni ban yi dariya ba, don na tuna wani tsohon ɗan wasa da na sani a Alƙahira. Ya taɓa gaya mini cewa a zamanin iyayensu, in ɗan wasa ya je kotu ba a karɓar shaidarsa, ana lissafa shi da masu wasa da biri. Lokacin na ɗauka labarin dā ne na wata ƙasa. Na ja taubashina muka je wajen wani malami maƙwabcinmu, mutum mai sauƙin kai, muka tambaye shi. Ya ce shaida sai adali, adali kuwa shi ne wanda ke kiyaye addininsa da mutuncinsa. Wanda ya mayar da waƙa da rawa a bainar jama'a sana'a, abokin shari'a na iya sukar shaidarsa, kuma alƙali na iya karɓar sukar. Sai dai in ya bari, aka ga alamar ya bari.

Taubashina ya ce, “Allah gafarta malam, in na bari, sai yaushe za a gani?”

Malam ya ce, “Wannan kuma idon mutane ne.”

Washegari ya tara mu ya ce shi ya ajiye wasa. Ƙungiyar da ma a kansa take tsaye, don haka ran nan ta mutu. Ya bar gemu, ya ɗage wando, ya daina zaman majalisa, ya riƙa riga ladan zuwa masallaci. Salla ba baƙuwarsa ba ce, tun muna yara ban san shi da wasa da ita ba, ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba. Amma yanzu so yake a gani. A nan ne ya gamu da abin da bai zata ba. Duk abin da ya yi, sai a ɗauka shiri ne. Ya wuce da tasbaha, masu shayi su ce, “Kai, wannan sabon wasan zai yi kyau! Yaushe za a fara?” Ya yi wa mutum sallama da fuska a ɗaure, mutumin ya tuntsire da dariya kafin ya amsa. Wata rana a sahun gaba, wanda ke gefensa ya kasa riƙe dariya, sai da ya sake salla.

Na sha yin tunani a kan kalmar nan, wasa. Bafaranshe da Baturen Ingila duk da kalmar wasa suke kiran aikinmu a harsunansu, Bayarabe ma haka. Balarabe ne ya ce tamsili, wato misaltawa, amma shi ma bai ɗauke mu da daraja ba sai daga baya. A Ibadan na ga an jefi wani da ɓawon lemo a kasuwa don ya fito a mugu, amma da yamma sai ga shi zaune kusa da masu sarauta a wajen biki. Su sun raba mutum da rigarsa, ko da jifa ne. A wurinmu, in an ce ɗan wasa, an gama magana. Abin da ba gaske ba shi ne wasa. Yara ke wasa. In mutum ya faɗi magana yana so ya janye, sai ya ce da wasa nake. To, wanda cinsa da shansa wasa ne, ranar da ya ce da gaske nake, da wane baki?

Da ranar zaman kotu ta matso, na ce masa ya zo mu gwada. Abin da muka iya ke nan. Na zauna a kan kujera a tsakar gida, ba rawani, na ce ya faɗi abin da ya sani. Ya fara, na tsayar da shi.

“Ka sauke murya. Ba filin firamare kake ba.”

Ya sake.

“Hannun nan, sa shi a aljihu. Kuma kada ka kuskura ka ce a kan idona aka yi.”

“To me zan ce? A kan idon nawa aka yi mana!”

“Ka ce na gani, na ji. Shi ke nan. Ka dubi alƙali, kada ka dubi kowa. Idanun nan ka rage musu girma.”

Ya ce, “Ɗan mace, haka Allah ya halicce su. Ko in bar su a gida?”

Muka yi ta yi har ya iya faɗin gaskiya kamar mutumin da bai taɓa hawa dandali ba. Ban taɓa wahalar koyar da wani abu kamar wannan ba.

Kotun tana wani gari a cikin ƙasar Daura, ba sai na faɗi sunansa ba. Ɗaki ne guda da benci-benci, mata a gefe ɗaya. Shari'ar gona ba ta tara mutane, amma ran nan har a taga ana leƙe, don labari ya bazu cewa mai shaidar zur zai ba da shaida. Alƙalin matashi ne, ba a daɗe da kawo shi daga wani wuri ba, mai natsuwa, kuma ga alama bai taɓa ganin wasanmu ba. Na ji daɗin haka.

Aka kira taubashina. Ya tsaya, hannu a aljihu, ya fuskanci alƙali, ya ba jama'a baya. Tun da na san shi ban taɓa ganin ƙeyarsa daga wajen 'yan kallo ba sai ran nan. Ya faɗi yadda ya je dubiya, da wanda ya tarar, da abin da tsoho ya ce. Muryarsa a ƙasa, ba ƙari ba ragi. Na ga matar makaɗi ta sunkuyar da kai tana motsa leɓe. Alƙali yana rubutu yana gyaɗa kai.

Sai ya ɗago. So yake ya san ko a cikin ɗakin mai shaida yake ko a waje, ko kusa da maras lafiya ko nesa. Tambaya ce da kowane alƙali zai yi. Ya ce, “To, ran nan kai kana ina?”

Wani a baya ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta fito ta hanci. Shi ke nan, ɗakin ya ɓarke.

Da manomi ne ko ɗan kasuwa, da ya ɗaga murya ya ce ina zaune wajen ƙafafunsa, Allah gafarta malam, a wuce wurin. Amma taubashina ya ji dariya a bayansa, jikinsa ya yi abin da ya saba. Kafaɗarsa ta juyo wajen jama'a. Ya rufe baki, ya riƙe fuska, yana jira su gama. Ni na san ba wasa yake ba. Tsoro ne ya buɗe idanun, ladabin sana'a ne ya rufe bakin, don kada amsarsa ta ɓace cikin hayaniya alƙali bai ji ba. Amma abin da mutane suka gani shi ne abin da suka saba biya su gani, tsayuwar nan, idanun nan, shirun nan. Dariya ta ninka. Wani daga taga ya ƙwala, “Yana Damagaram!”

Alƙali ya buga tebur, aka fitar da wasu. Ya dubi taubashina ya ce, “Malam, kotu ce nan. Ni kake wa wasa?”

“Wallahi, Allah gafarta malam, jira nake su yi shiru.”

“Ni na tambaye ka ko su?”

Magatakarda ya matso ya yi masa raɗa, ya ɗan jima yana yi. Na ga fuskar alƙali tana sauyawa. Taubashina ya ba da amsarsa daga baya, daidai, amma kamar wanda ke zuba ruwa a rariya. Alƙali ya juya wajen wan marigayi ya tambaye shi ko yana da suka a kan wannan shaida.

Mutumin ya miƙe a hankali. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Allah gafarta malam, ni ba ni da abin cewa, ka gani da idonka. Mawaƙi ne, yana rawa a kasuwa. Ƙanina shi ke masa kiɗa, tare suke ci. Duk ƙasar nan an san shi da abu ɗaya, ka ji kuma yara sun faɗa.”

Alƙali bai yanke hukunci ran nan ba, kuma ina ganin adalci ya nufa. Ya ce a kawo mutum biyu sanannu da mutunci, waɗanda suka san mai shaida ciki da waje, su tabbatar adali ne. In an samu, zai karɓa.

A hanya na ce masa, “Me ya sa ka juya?”

Ya ce, “Na juya?”

Bai ma sani ba.

Muka shiga neman mutum biyu. Ni ba na ciki, don jirgi ɗaya ya kwaso mu. Muka je wajen wani tsohon shugaban makaranta da ya sha kiranmu mu yi wa ɗalibai wasa a kan gaskiya da riƙon amana. Ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo ruwa, ya ce shi a ransa ya san mutumin kirki ne, amma yanzu yana cikin kwamitin masallaci, kuma mun san yadda zamani yake. Muka je wajen wani alhaji da muka yi wasa a bikin 'ya'yansa har uku. Ya ce, “Ai ni a dandali na san ka. In aka ce in rantse na san cikinka, me zan ce?” Ban ga laifinsa sosai ba. Shekara da shekaru suna ganinsa, amma ba shi suke gani ba. Malamin nan maƙwabcinmu shi kaɗai ya ce zai je.

Da muka biya shagon Ibon nan don mu gaya masa ya sayar da kayan wasan ko ya ƙone, ya ji labari, ya tashi yana neman makullinsa. Ya ce, “Oga, mu je yanzu. Ni na san ka. Shekara nawa kana ɗaukar janareta, ko ƙusa ba ta taɓa ɓata ba. Ni zan gaya wa alƙali.” Sai da na zaunar da shi na yi masa bayani cewa a wannan kotun, a kan wannan magana, ba za a ji tasa ba. Ya dube ni, ya dubi taubashina, ya mayar da makullin aljihu.

Ba mu samu na biyu ba. Aka ba wan marigayi rantsuwa, ya rantse. Allah ne ya san abin da ke zuciyarsa, wataƙila ma shi da gaske aro ya ɗauka, tunda ba ya nan ranar. Gona ta koma gado. Alƙali ya yi wa marayu sassauci guda, ya ce tunda su suka shuka, su girbe na bana kafin a raba.

Da kaka ta yi muka je taya su girbi, ni da shi. Tsofaffi biyu masu taushin hannu, ba mu san aikin ba, ƙaiƙayi ya cinye mana wuya. Gero ya yi kyau a shekarar, zangarniya kamar damtsen mutum, abin da ya ƙara ɓata rai ke nan. Ba kiɗa, ba waƙa, sai ƙarar kara. Taubashina ya duƙufa tun safe. Yana yanka, yana tarawa, yana ɗaure dami, in ya kwance ya sake ɗaurewa. Da rana ta take, matar makaɗi ta kawo fura a ƙwarya ta ajiye a gabansa, ta durƙusa.

Ta ce, “Malam, ka sha. Mu za mu koma Baure wajen 'yan'uwana. Ka yafe mana wahalar da muka sa ka.”

Ya ce, “Ni zan yafe?”

Ta ce, “Ka faɗa, mun ji, Allah ma ya ji. Ka koma sana'arka, kana da iyali.”

Ya girgiza kai. Ya ɗauki ƙwaryar ya sha sosai, da sanyinta da komai, ya koma bakin aiki. Kafin mu gama ɗora dammunan a amalanke, 'ya'yan wan marigayi sun riga sun iso da shanunsu sun tsaya a bakin gona, suna jira mu fita su sake su cikin kara.

Bai koma wasa ba. Na yi masa magana, wasu daga Nijar ma sun aiko, ya ce a'a. Ya samu tebur a bakin tasha yana sayar da goro da ashana. Sannu a hankali masu tsokanarsa suka gaji, yaran da suka taso kuma ba su san shi ba, ya zama wani tsoho mai manyan idanu da ba ya son magana. Ni ma ya daina ce mini bawana, sai dai ya ce Malam.

Mun ci gaba da zuwa sabgogin dangi tare har ya rasu. A wajen ɗaurin aure, in an gama siga aka ce, jama'a kun shaida, kowa ya amsa mun shaida, har da yara da 'yan wucewa. Ina gefensa, ina jin numfashinsa. Ba ya amsawa.